Wane faifan jaz ya kamata mai koyon jita ya fara saurara?

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan fanni. Shekara huɗu ke nan ina kaɗa jita, kuma yawancin abin da na iya buluz ne da rok, waɗanda na koya ta hanyar kwaikwayo. Kwanan nan hankalina ya karkata ga jaz, amma duk lokacin da na nemi abin da zan saurara sai in ci karo da jerin fayafayai hamsin ko ɗari, in taɓa minti biyu na wannan, minti uku na wancan, in tashi ban riƙe komai ba. Na gwada *Virtuoso* na Joe Pass saboda yabon da ake yi masa. Na saurare shi sau biyu, na dubi yatsuna, na mayar da jitar cikin jakarta har kwana uku.

Tambayata kashi biyu ce. Da farko, wane faifai ne mai kaɗa jita irina zai iya koyon wani abu daga cikinsa ba tare da gwiwarsa ta yi sanyi ba? Na biyu, ina da wa wanda ba ya kaɗa komai, kuma a ganinsa jaz hayaniya ce kawai inda kowa yake busa abin da ya ga dama. Me zan ba shi ya saurara?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ba laifin yatsunka ba ne, ka shiga gidan ta taga ne ka bar ƙofa. Joe Pass ya ɗauki *Virtuoso* a 1973, shi kaɗai da jitarsa, bayan ya shafe shekara wajen talatin a sana'ar, kuma yana tafiyar da taken kiɗa da kod (sautuka da dama da ake kaɗawa tare) da layin bes (sautin ƙasa mai kauri) duka a lokaci guda. Faifan koyo ne ga wanda ya yi nisa; ga mai farawa kuwa abin sha'awa ne kawai.

Tunda ka ce ka iya buluz, fara da *Midnight Blue* na Kenny Burrell, wanda kamfanin Blue Note ya fitar a 1963. Dalilina shi ne babu piyano a cikinsa, saboda haka babu abin da zai rufe maka jitar: akwai Stanley Turrentine a saksofon, Major Holley a bes, Bill English a ganguna, sai Ray Barretto a konga. Kiɗan farko, “Chitlins con Carne”, buluz ne mai gaɓa goma sha biyu (gaɓa ita ce ƙaramin rukunin bugu da ake ƙirga kiɗa da shi) irin wanda ka riga ka sani, kuma yawancin sautukan da Burrell yake amfani da su suna cikin tsani mai sauti biyar ɗin nan da kowane ɗan buluz ya haddace. Abin da za ka sa wa kunne shi ne yadda yake kaɗa gajeriyar jimla, ya ɗan dakata, sannan ya amsa wa kansa da kod, kamar mai waƙa da 'yan amshinsa sun haɗu a hannu ɗaya. Cikin mako guda za ka iya ɗauko zagaye ɗaya na wannan kiɗa, wato gaɓa goma sha biyun nan daga farko zuwa ƙarshe, da kunnenka, kuma a nan ne za ka gane cewa wahalar ba ta cikin sautukan da ya zaɓa, tana cikin lokacin da yake sakin kowannensu.

Idan wannan ya zauna, sai ka wuce zuwa *The Incredible Jazz Guitar of Wes Montgomery*, na kamfanin Riverside, 1960, tare da Tommy Flanagan a piyano da 'yan'uwan nan biyu, Percy Heath da Albert Heath. A ganina babu faifan jita a jaz da ya fi shi cancantar a haddace. Wes mutumin Indianapolis ne a Amurka, da babban yatsa yake kaɗa tsirkiya maimakon ɗan robar da muka saba riƙewa, shi ya sa sautinsa yake da kauri da taushi. Saurari “West Coast Blues” ka ga yadda yake gina kiɗansa hawa uku: ya fara da sauti ɗai-ɗai, ya koma oktaf, wato sauti guda a ƙasa da samansa tare, yana danne tsirkiyar da ke tsakaninsu don kada ta yi ƙara, sannan ya rufe da cikakkun kod suna bin juna. Ko ba ka kai saurinsa ba, wannan tsarin na farawa da ƙarami a ƙare da babba abu ne da za ka iya aro tun yau.

Kuma ka daina tsalle tsakanin fayafayai. Ɗauki ɗaya ka zauna da shi wata guda, har ka iya rera abin da mai jitar ya kaɗa da bakinka kafin ka nemo shi a wuyan jita.

Mai Sauraro:

Ni ba na kaɗa komai, don haka zan bar wa Malam Tsohon Hannu ɓangaren jita in yi magana a kan yayanka, domin ni ma a da ra'ayinsa gare ni. Abin da ya sauya mini tunani shi ne ranar da wata ƙawata ta nuna mini cewa kiɗan yana da tsari: ana fara shi da take, sannan kowane makaɗi ya karɓi zagayensa ya ƙirƙiri nasa a kan hanyar da taken ya shimfiɗa, a ƙarshe a dawo kan taken a rufe. Wanda bai san da wannan ba dole ya ji kamar kowa gabansa yake ci.

Ba shi *Kind of Blue* na Miles Davis, 1959. Na san kowa shi yake ambata har ya zama kamar ba shawara ba, amma ba a banza ya yi suna ba. Ka zauna tare da shi a kiɗan farko, “So What”, ka nuna masa yadda Paul Chambers yake yin tambaya da bes, sauran kuma su amsa da sauti biyu kacal. Gaɓa talatin da biyu ne zagayen: goma sha shida a wuri ɗaya, takwas a ɗan ɗaga sama kaɗan, takwas a dawo. Da zarar kunnensa ya kama wannan ɗagawar, zai ji ta a busar Miles, ya ji ta a ta John Coltrane, ya ji ta a ta Cannonball Adderley, kuma shi da kansa zai ga cewa mutum uku ne masu hali daban suke tafiya a kan turba ɗaya.

Bayan shi sai *Idle Moments* na Grant Green, wanda aka ɗauka a 1963 aka fitar a 1965. Kiɗan da ya ba faifan suna ya kusa minti goma sha biyar, a hankali yake tafiya ƙwarai, kuma tsawon nasa ma ba da gangan aka yi ba: rashin fahimta aka samu wajen ƙirga gaɓoɓi, Green ya ninka zagayensa, sauran suka bi sahunsa, da aka sake ɗauka a gajarce sai aka ga na farkon ya fi daɗi aka bar shi. Shigowar Joe Henderson da saksofon a tsakiyarsa ita ce wurin da nake maimaitawa. Wannan faifan zai yi muku amfani ku biyu, tunda Green mai jita ne.

Idan kuwa yayan naka ba ya jure kiɗa babu murya, *Getz/Gilberto* na 1964 zai fi sauƙin shiga, duk da cewa bosa noba ce, wani salon kiɗa na Birazil.

Babban Yatsa:

Na yarda da *Midnight Blue*, amma ina da ja a kan wata magana da ba a faɗa ba tukuna. Mai jitar da ba ya sauraron kowa sai masu jita yakan ƙare yana kaɗa abin da ya zo wa yatsa da sauƙi, ba abin da kunne ya nema ba. Mai busa dole ya tsaya ya ja numfashi, wannan ne yake yanka masa jimla. Mu kuwa babu abin da yake tsayar da mu, shi ya sa muke zuba ba waƙafi. Manyan da muke yabo ma daga masu busa suka sha: Grant Green ya koyi abubuwa da yawa daga Charlie Parker, Charlie Christian kuma, wanda ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 ya rasu a 1942 yana da shekara 25, salon Lester Young yake bi da jitar lantarki. Saboda haka faifan da Malama Mai Sauraro ta zaɓa wa yayanka, kai ma naka ne. Ɗauko busar Miles a “So What” ka ɗora a kan jita. Ba ta da sauri, sautukanta kaɗan ne, kuma za ta koya maka yin shiru.

Abu na biyu shi ne rakiya. A kowace ƙungiya, yawancin lokacinka a bayan wani za ka yi shi, amma da wuya ka ji mai koyo yana tambayar faifan da zai koya masa hakan. Nemi Jim Hall a fayafayai biyu na 1962: *The Bridge* na Sonny Rollins, inda jitarsa ta tsaya a gurbin piyano, da *Undercurrent*, shi da Bill Evans su biyu kawai. A “My Funny Valentine” na wannan faifan, lokacin da Evans ya karɓi zagayensa, Hall yakan koma yana bugun kod a kan kowane taki har ka rantse akwai mai ganga a ɗakin. Asalin wannan bugun kuwa, ka saurari Freddie Green, wanda ya yi shekara hamsin a ƙungiyar Count Basie daga 1937 zuwa 1987, yana buga huɗu a kowace gaɓa, da wuya a ji ya fito gaba. A *The Atomic Mr. Basie* sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinto shi, amma a kansa dukan ƙungiyar take tsaye.

Kada kuma ka yanke wa Joe Pass hukunci da faifai ɗaya. Saurari *For Django* na 1964, inda yake tare da ƙungiya, ko *Take Love Easy* da ya yi da Ella Fitzgerald, za ka same shi a tafiyar da za ka iya bi. Tunda kuma ka ambaci duban yatsu, shi Django Reinhardt da aka yi wa wancan faifan, gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, kuma da sauran biyun ya kaɗa yawancin abin da za ka ji a “Minor Swing” na 1937.

Ɗan Koyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwana biyar ke nan ina kan “Chitlins con Carne”, na ɗauko zagayen farko, kuma gaskiyar Malam Tsohon Hannu ce: sautukan duk na san su, amma idan na kaɗa tare da faifan kullum ina riga shi isa. Yayana ya saurari *Idle Moments* har ƙarshe bai ce komai ba, washegari kuma na ji shi ya sake kunnawa.

Sauran tambaya biyu. Na ga wasu suna fifita *Smokin' at the Half Note* a kan faifan Wes da aka ba ni, shin da wanne zan fara? Sannan ya kamata in ajiye ɗan robar in koma babban yatsa?

Tsohon Hannu:

Rigan da kake yi masa shi ne darasin, kada ka wuce shi da sauri. Rage ƙarar jitarka ƙasa da ta faifan, ka daina bin Burrell na ɗan lokaci ka bi bes ɗin Major Holley da ƙafarka, sannan ka saki kowace jimla a ƙarshen lokacin da za ka iya ba tare da ka makara ba. Ɗauki kanka da waya ka saurara. Kunne yakan yi wa mai shi ƙarya yayin da hannu yake aiki.

Game da Wes, masu fifita *Smokin' at the Half Note* suna da hujja. A 1965 aka yi shi tare da Wynton Kelly da Paul Chambers da Jimmy Cobb, mutum ukun da za ka ji tare a “Freddie Freeloader” na *Kind of Blue*, kuma a “No Blues” Wes yana zuba zagaye bayan zagaye ba tare da tunaninsa ya ƙare ba. Sai dai duk da sunan faifan, kiɗa biyu ne kawai daga cikin biyar na asalin fitowarsa aka ɗauka a gaban jama'a a gidan Half Note na birnin New York. Sauran ukun a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder aka yi su. Don koyo na fi son na 1960, saboda zagayen sun fi gajarta kuma ginin ya fi fitowa fili. Akwai wata riba kuma: “Four on Six” yana cikin duka biyun, don haka idan ka koyi na farkon sai ka saurari na biyun ka ji abin da shekara biyar suka sauya a hannun mutum ɗaya.

Babban yatsa kuwa, ni ban ba ka shawarar ka koma kansa gaba ɗaya ba. Na taɓa yin wata shida a haka, na samu taushin sauti, amma na rasa saurin da nake da shi, domin bugun sama da babban yatsa abu ne mai wuya wanda Wes ya ƙware a kai bayan shekaru. Burrell da Green da Hall duk da ɗan robar suka yi suna. Abin da nake yi yanzu shi ne in maƙale shi tsakanin manuniya da ɗan tsakiya idan zan kaɗa oktaf, in yi amfani da naman babban yatsa, sannan in dawo da shi idan layin sauti ɗai-ɗai ya zo. Gwada haka a kan taken “West Coast Blues”, a rabin saurinsa, amma sai bayan ka daina riga Burrell isa.