Ƙanena ya ce bai yarda akwai Allah ba, in faɗa wa Baba?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne, shekararsa 23, yana ajin ƙarshe a jami'a. Tun azumin bara na lura in an kira sallah sai ya fita kamar zai je masallaci, ya tsaya bakin shago har a idar. Jiya na titsiye shi, ya ce shi bai yarda akwai Allah ba, kuma ba wani addinin ya koma ba. Ya roƙe ni in rufa masa asiri har ya gama karatu. Baba na da hawan jini, shi ke biyan kuɗin makarantar. In faɗa masa ko in yi shiru?

Abu Sadik: Shafar aljanu ce. Ku kai shi rukiyya, a unguwarmu dubu 15 ne.

Ummu Hanan: Wace dubu 15? Mu dubu 60 muka biya, ban da zuma da man habbatus sauda.

Malam Na-Zariya: Wannan shi ake kira ilhadi, mai shi kuma mulhidi, wato wanda bai yarda da samuwar mahalicci ba sam. Ya bambanta da Bamaguje, don Bamaguje ya san da Allah, iskoki yake yi wa yanka. Kuma abin ya daɗe, Suratul Jasiya ta ambaci masu cewa zamani ne kaɗai ke halaka su. Cibiyar bincike ta Pew ta ce a 2020 kusan kashi 24 cikin 100 na mutanen duniya ba su da addini, mafi yawansu a Sin, kuma ba dukansu ne mulhidai ba. Mu nan tun daga raɗin suna har aure, gado da jana'iza komai ta hannun addini yake bi, shi ya sa suke 'yan kaɗan, mai shakkar ma yakan haɗiye abinsa. Ku samo masa malami mai haƙurin sauraron tambaya.

Yaya Binta: Don Allah ƙanwata kar ki yi gaggawa. Ni na kai ƙarar yayanmu wajen mahaifinmu, ina ganin taimakonsa nake yi. Daren nan baffanninmu suka ɗaure shi suka kai gidan mari. Wata bakwai. Ranar da na kai masa fura na tarar ƙarfen ya cinye masa idon sawu, ƙuda na bin wurin. Ko kallona bai yi ba. Da ya fito ya shiga motar Legas, yau shekara shida ba mu ji muryarsa ba. Inna ta rasu tana kiran sunansa.

Abu Sadik: Allah ya ji ƙanta. Amma Hajiya wannan maganar ridda ce, ta malamai ce, ba a yanke ta da labarin gidan wani.

Ummu Hanan: Kai da ka ce aljanu ne, a wace makarantar ka yi sauka?

Ɗan Kwari: Ku sa shi a motar Birnin Gwari da daddare, kafin Buruku zai fara salati.

Barista: A bar wasa. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba da 'yancin addini, amma Mubarak Bala, wani da ya fito fili ya ce bai yarda da Allah ba, an kama shi a Kaduna a 2020 kan rubutunsa na Facebook, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar. Ki ce masa kar ya rubuta komai a intanet.

Yaya Binta: Gidajen marin nan su ya kamata a yi wa magana. A 2019 'yan sanda sun fitar da mutum sama da 300 daga wani a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Abu Sadik: To masu shaye-shaye ina za a kai su? Gwamnati ta gina wa iyaye wani wurin ne?

Maman Ilham: Jama'a, ran Juma'a Baba zai dawo daga ƙauye, yaron kuma yana gida hutu.