Amurkawa mazauna ƙetare: ta ina sauyin gwamnati ya iske ku?

Malamin makaranta, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk mai riƙe da fasfon Amurka da yake zaune a wata ƙasa ya faɗi yadda sauyin gwamnati a Washington ya taɓa shi. A Chicago aka haife ni kuma a can na yi karatu, yanzu ina koyarwa a Kano. A zaɓen 5 ga Nuwamban 2024 na aika ƙuri'ata ta wasiƙa zuwa jihar Illinois, domin dokar 1986 ta ba mazauna ƙetare damar yin zaɓe a jihar da suka zauna a ƙarshe. Da yake mun riga gabashin Amurka da sa'o'i shida, sai bayan ƙarfe ɗaya na dare sakamako ya fara shigowa, kuma kafin azahar ranar Laraba magana ta ƙare. Ina shiga ɗakin malamai aka tarbe ni da cewa, "To Ba'amurke, me kuka zaɓo mana?" Tun daga ranar na zama kakakin gwamnatin da ba ta san da zamana ba.

Ma'aikaciyar jinya, Maiduguri: Wa'alaikumus salam Malam. Tambayar abokan aiki mai sauƙi ce idan aka kwatanta da abin da ya same mu. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kuma ba a jima ba saƙon tsayar da aiki ya iso ƙungiyar da nake yi wa aiki, wadda take kula da yara masu tamowa. Na tsaya ina kallon mai kula da sito yana ƙirga katan-katan na abincin gyaɗa da ake ba yaran, alhali iyaye mata suna zaune a kan tabarma a waje da katunansu a hannu, babu wanda ya san abin da zai ce musu. Abin da ya fi damuna shi ne, ni ina da fasfon da zai mayar da ni Ohio duk ranar da na ga dama, amma direbanmu da masu fassara da unguwarzoma nan ne gidansu, kuma albashin nan ne abincin iyalansu. Babu wanda ya yi mini gori a cikinsu, hasali ma su ne suke ba ni haƙuri, wannan kuwa ya fi gorin nauyi.

Ɗan kasuwa, Akara: Allah ya saka miki da alheri Hajiya. Nawa ya faru ne tun a ƙarshen Janairun 2020, lokacin da aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka hana wa bizar zama a Amurka. Mai ɗakina 'yar Zariya ce, takardunta kuwa sun yi nisa, sai komai ya tsaya cik har zuwa 20 ga Janairun 2021 da Shugaba Biden ya soke umarnin. Shawarata ga masu iyali ita ce, da zarar an yi haihuwa, a je ofishin jakadanci a karɓi takardar shaidar haihuwar ɗan ƙasa a ƙetare tare da fasfon yaro, kada a jira sai tafiya ta taso.

Dattijo mai ritaya, Yamai: 'Ya'yana, na ji ku, amma ku bar ni in ɗan saɓa muku. A cikinmu akwai waɗanda suka zaɓi wannan gwamnati saboda tsadar rayuwa da ta addabi danginsu a can, kuma bai kamata a yi magana kamar babu su ba. Na ga shugabanni da dama sun zo sun wuce, abu ɗaya ne bai taɓa canjawa ba: Amurka tana neman bayanin haraji daga ɗan ƙasarta duk inda yake zaune, kuma idan kuɗin da yake asusunka na ƙetare ya haura dala 10,000 sai ka sanar. Abin da maƙwabtana suka fi tambayata a kai shi ne shirun da Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi a watan Maris na 2025, domin kafin nan mai shayin bakin layinmu da shi yake buɗe rediyonsa da asuba.

Malamin makaranta, Kano: Baba, mun gode, kuma gyaranka ya karɓu. Ga masu niyyar zaɓen 'yan majalisa na 3 ga Nuwamban 2026, a sabunta takardar neman ƙuri'a tun farkon shekara, domin doka ta wajabta wa jihohi aiko da ƙuri'ar kwana 45 kafin zaɓe ga wanda ya nema a kan lokaci. Muna jiran na Jamus da na Dubai su ma su faɗi nasu.