Wa ya taɓa hawan allon iska a Tafkin Garda?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shekarata biyu ina hawan allon iska, wato allon da ake tsayawa a kansa a ruwa, iska na tura shi ta ƙyallen da ke jikin sandarsa, amma duk a teku, a wani lungu da ruwansa bai wuce ƙirji ba. Yanzu ina so in gwada Tafkin Garda na arewacin Italiya a watan Yuni, kwana biyar gare ni. Ina ya kamata in sauka, kuma wane girman ƙyalle zan ɗauka? Nauyina kilo 78, girman allona lita 145. Na iya rataya jikina a ƙyalle da ƙugiyar ɗamara, amma in na faɗi har yanzu igiya nake ja in ɗaga ƙyallen.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar ƙyalle tukuna, ka fara sanin agogon tafkin. Iska biyu ce ke rabon yini a can. Ta farko sunanta Peler, daga arewa take zuwa, tana tashi tun cikin dare, ta yi ƙarfi da hantsi, ta kwanta kafin rana ta take. Sai ruwa ya yi lif kamar an shimfiɗa tabarma. Can bayan sha biyu sai Ora ta taso daga kudu, ta kai har yamma. Dalili kuwa, rana na gasa duwatsu da kwarin da ke arewa, iska mai zafi ta yi sama, mai sanyi ta kan ruwa ta rugo ta cike gurbin. Kuma tafkin ya tsuke a arewa tsakanin duwatsu kamar mazurari, shi ya sa ƙarfinta ke taruwa a wajen garuruwan Torbole da Riva. Ran da gari ya wayi da hadari, kada ka sa rai da ita sosai.

Ɗan Koyo: To Yaya, wacce ce tawa a cikinsu?

Tsohon Hannu: Ora, a Torbole. Garin yana can ƙarshen arewa, saboda haka ita tana turo ka gaɓa ne. Ko ka gaji, ko wani abu ya karye, ruwa zai kawo ka gida. Peler kuwa daga bayanka take fitowa a wurin, ta yi tsakiya da kai. A bakin gaɓa za ka ga ruwa sumul, ka ce ai ba komai, sai ka yi nisa ka tarar da ainihinta. Tafkin nan tsawonsa ya haura kilomita 50, zurfinsa ya kai mita 346. Ba inda za ka dire ƙafa.

Mai Gemu: Ni dai da wahala na koyi wannan karatun. Na fita daga wajen garin Malcesine da safe, Peler na kaɗawa, daɗi ya ɗebe ni na manta da agogo. Wajen sha ɗaya sai na ji ƙyallen ya yi laushi a hannuna, kamar an zare masa rai. Kafin in juya, shiru. Ga Dutsen Baldo can ina kallo, motocin bakin hanya sun zama kamar tururuwa. Na kwantar da ƙyallen a bayan allo, na kife a kai, na dinga tuƙi da hannu. Da na iso ko zik ɗin rigata na kasa ja, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa, wani yaro ne ya buɗe min. Abin haushin, ina zaune ina haki Ora ta taso.

Auta: Kai Malam, da ka yi haƙurin awa ɗaya ai da ta kawo ka kyauta!

Mai Gemu: Faɗi a tudu da sauƙi, Auta. Zauna a kan allo cikin sanyin nan tukuna.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in saɓa muku. Wanda bai iya tashi daga cikin ruwa ba, wato iska ta ɗago shi kan allo ba tare da jan igiya ba, ni ba zan tura shi Garda da farko ba. Igiyoyin tafki gajeru ne, a jere a jere suke zuwa, ba irin na teku masu ba ka sarari ba. Tsayuwa a kan allo kana jan igiya cikinsu, minti ashirin ya ishe ka gajiya. Ga cunkoso a Torbole in Ora ta yi kyau. Ɗana, je ka Tafkin Neusiedl na Ostiriya, garin Podersdorf. Duk tafkin bai kai mita biyu zurfi ba, a wurare da yawa za ka tsaya da ƙafarka ka gyara ƙyalle. Aibinsa taɓo, kuma in ruwa ya ja baya kamar yadda ya yi a 2022, doguwar wutsiyar da ke ƙarƙashin allo sai ta riƙa sharar ƙasa. Ka tafi da gajera.

Tsohon Hannu: Gaskiyarki Hajiya, sai dai iskar can ba ta da alƙawari irin ta Garda. Mai kwana biyar yana iya cinye uku a zaune.

Auta: Tafkin Silvaplana na Suwizalan fa? Ita ma iskar Maloja da rana take zuwa.

Uwar Biyu: Mita 1,800 sama da teku? Sanyi zai kore shi tun ranar farko. Bar wannan sai gaba.

Ɗan Koyo: Na riga na ƙwallafa rai a Garda, Hajiya, a yi min afuwa. Ƙyallen fa?

Tsohon Hannu: Biyu sun ishe ka, mai murabba'in mita 5 da mai 6 ko sama kaɗan. Amma da ni ne, haya zan yi a makarantun bakin ruwa, ka canza yadda iska ta canza, kuma ka tambaye su ko suna da jirgin ceto. Ka karɓi allo da ya ɗara naka. Ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaukar kaya ba, bambancin kusan kashi biyu da rabi cikin ɗari ne, wato nauyin da allonka ke iya ɗauka zai ragu da abin da ya kai kilo uku da rabi. Ba yawa, amma ƙafa tana ji.

Mai Gemu: Kuma doguwar rigar roba, ko da rana na ƙuna. Kogin Sarca a gefen Torbole yake shiga tafkin, ruwansa daga kan duwatsu yake gangarowa. Rigar ceto ma kada ka bar ta.

Uwar Biyu: Tunda ka ƙi ji, riƙe wannan saboda cunkoso. In kun yi gaba da gaba da wani, wanda hannunsa na dama ke kusa da sandar ƙyalle shi ke da hanya. Jirgin fasinja kuwa ba a jayayya da shi, kauce tun daga nesa. In abu ya lalace kada ka saki allo ka ce za ka yi iyo, zauna a kai, ka riƙa ɗaga hannuwa biyu kana saukewa a hankali.

Ɗan Koyo: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Torbole ke nan, haya, kuma ba ni ba ruwa sai bayan sha biyu. Safiyar farko a gaɓa zan zauna in kalli masu Peler.

Mai Gemu: Ka ɗaura agogo a hannu dai.