Dattijon da Ya Kwance Mana Igiya

Matuƙin Asabar:

Salamu alaikum 'yan zaure, ku matso kusa,
Jiya mun fita teku, iska na ta busa,
Ƙyallen jirginmu ya cika tam, muna ta wasa,
Kwatsam igiya ta sarƙe mana a tsakiyar ruwa.

Ƙyalle na dukan sanda, jirgi ya karkata,
Muna ja da ƙarfi, ƙulli sai ƙara ƙuntata,
Can ga ƙaramin jirgi, dattijo ya kusanta,
Ya ce, "Samari, a daina ja, a yi sassautawa.

Ku juya hancin jirgi ya kalli idon iska,
Nauyi zai bar igiya." Ya faɗa da sakin fuska,
Ya kwance ƙulli da yatsa biyu, ilimi taska,
Ya ja jirginsa ya wuce, ba ya jiran yabawa.

Sai da muka dawo gaɓa muka ga abin mamaki,
Kowa na neman hoto da shi, ana ta ɗoki,
Ashe zinaren Olamfik ya taɓa ci a wannan aiki,
Ya ce a sakaya sunansa, na ɗau alkawarin rufewa.

Mai Shakka:

Malam Matuƙi, labari babu suna na gizo ne,
In Ben Ainslie ka gani, faɗa mana, ɗan Ingila ne,
Zinare huɗu, 2000 zuwa 2012, duk nasa ne,
Azurfar 1996 a Atlanta ita ce ta farawa.

Matuƙin Asabar:

Haihuwar 1977 kake kira dattijo, Mai Shakka?
Wanda na gani ya daɗe da zama kaka,
Ka sake lissafi, ka adana gardamarka,
Bakina da kwaɗo, ba na buɗewa.

Hajiya Mai Tarihi:

Da na karanta, Paul Elvstrøm ne ya faɗo a raina,
Ɗan Denmak, zinare huɗu a jere, abin ƙauna,
Daga 1948 zuwa 1960 shi ke ɗauke kambuna,
Amma ya rasu a 2016, ba da shi kuka yi haɗuwa.

Yana da shekara 56 ya koma gasa, jirgi ɗaya da 'yarsa,
Trine na riƙe igiya, uba na riƙe akalarsa,
A 1984 suka zo na huɗu, ba lamba a wuyansa,
Irinsu furfura ba ta raba su da ruwa.

Autan Zaure:

Hajiya, ranki ya daɗe, ga tawa 'yar tambaya,
Robin Knox-Johnston fa, da ya zagaye duniya?
Kwana 312 shi kaɗai cikin jirginsa Suhaili, ba ja da baya,
Daga Falmouth ta Ingila a 1968, har 1969 ba tsayawa.

Mai Shakka:

Auta, zinaren Olamfik aka ce, koma ka duba,
Wannan gwarzon dogon zango ne, ba na tseren gaɓa ba,
Ni dai har yanzu Malam bai gamsar da ni ba,
Kwance ƙulli ai ko masunci yana iyawa.

Matuƙin Asabar:

Ƙulli ba hujja ba ne, ga wadda ta fi ƙarfi,
Ya nuna can nesa inda ruwa ya yi duhu mai zurfi,
Ya ce, "Iska mai nauyi na tafe, a rage ƙyalle, a rufe murfi,"
Muna gama ragewa ta iso tana kaɗawa.

Mai Shakka:

To, Asabar mai zuwa a ajiye min wurin zama,
Da rigar ceto babba, don ni da iyo ba mu yi kama,
In na ga dattijon da idona, bayan sallama,
Ni zan tambayi suna, ban ɗau alkawarin rufewa.