Wace kalar rini ce ke karɓar wankan tarwaɗa?

Ummi Zariya: Slm 'yan uwa barkanmu da yamma. Dan Allah masu ilimin gashi ku taimaka min, ina so in canza kalar gashina kafin bikin ƙanwar maigidana wata mai zuwa. Ni wankan tarwaɗa ce, gashina baƙi ne wuluk kuma akwai rilaksa a kai. Na ga wata a Instagram da ruwan zuma ya yi mata kyau sosai amma ita fara ce tas, shi ne nake tunanin anya zai karɓe ni kuwa?

Maman Hanif: Wslm. Bari Anty Jummai ta hau, wannan fagenta ne. Amma yaushe rabonki da rilaksa?

Ummi Zariya: Sati ɗaya kenan anty

Anty Jummai mai salun: To ƙanwata ki ajiye maganar kala tukunna. Rilaksa da rini ba a haɗa su kusa-kusa, mafi ƙaranci ki bar sati biyu a tsakani, ni in son samu ne ma a kai wata. Sannan ruwan zuman da kika gani ba rini ne kawai aka shafa ba, baƙin gashi irin namu sai an fara cire masa kalarsa ta asali da hodar bilicin da ruwan haɗin nan mai lamba 20, 30 ko 40, kafin a ɗora kalar da ake so. Lamba 20 kashi 6 ne na sinadarin faroksayid, 30 kashi 9, 40 kuma kashi 12, to ki ɗora wannan a kan gashin da rilaksa ya riga ya laƙasa ki ga ikon Allah, wlh a mataji za ki dinga kwashe shi. Ni a shagona ba na yi wa mai rilaksa bilicin ko nawa za ta biya.

Ummi Zariya: Innalillahi, ni fa na ɗauka kwali ɗaya zan saya in shafa ya fito yadda yake a hoton jikin kwalin

Anty Jummai mai salun: Hhh hoton kwali ai shi ke yaudarar mutane. Ki juya gefen kwalin za ki ga ɗan jadawali na yadda kalar ke fita a gashi mai haske da mai duhu, namu ne na can ƙarshe wanda da ƙyar za ki ga bambanci.

Fati Bauchi: Ni dai abin da na karanta shi ne a duba jijiyar wuyan hannu, in kore-kore ce to fatarki mai ɗumi ce ki je ga kalolin gwal da ruwan ƙasa, in shuɗiya ce ki je ga ruwan zoɓo da masu duhu

Zee baƙa: Fati na duba na sake dubawa har da tocilan ban ga jijiyar komai ba 😂 wannan gwajin ba da mu aka yi shi ba

Anty Jummai mai salun: Gaskiyarki Zee, na fararen fata ne wannan. Amma asalin maganar gaskiya ce. Mata biyu za su zo min duk wankan tarwaɗa, haskensu ɗaya, amma ɗaya in kika kalle ta a rana fatarta ruwan ɗorawa take yi ta ƙasa-ƙasa, ɗayar kuma ja-ja take yi ko ta ɗan yi toka-toka, to kala ɗaya ba za ta karɓe su su biyun ba. Abin da nake sa kwastomomina su yi shi ne su buɗe durowar mayafansu. Wane mayafi ne in kin yafa ake ce miki yau kin yi fes ko ba ki shafa hoda ba? In ruwan goro ne, ruwan madara, ruwan ƙasa, kuma sarƙar gwal ta fi haska ki, to kalolinki su ne cakulet, ruwan makuba mai ɗan ja, jan ƙarfe. In kuma ruwan hanta, shuɗi mai duhu da fari tas ne ke fito da ke kuma azurfa ta fi zama miki, ki nemi ruwan zoɓo ko baƙi mai sheƙin shuɗi. Kuma a tsakar gida za ki gwada da hantsi, ba a ɗaki ƙarƙashin farin kwan sola ba, shi kowa toka yake mayarwa.

Maman Hanif: Wlh anty kin faɗi gaskiya, ni duk ranar da na sa ruwan hanta sai an tambaye ni ko ba ni da lafiya, ruwan goro kuwa har maƙwabta sai sun tanka

Ummi Zariya: Ni gwal ne kam, kuma mayafina ruwan madara shi aka fi yabawa

Anty Jummai mai salun: To kin gani. Ga wata dabara kuma, ki shiga wajen masu kayan gyaran gashi a kasuwa, ko Sabon Gari ko duk inda ya fi miki kusa, ki ce a nuna miki gashin doki lamba 4, lamba 30, lamba 33 da 99J. Ba cewa na yi ki saka ba kafin Malama Asiya ta taso min, karawa kawai za ki yi a gefen kumatunki ki kalli madubi a bakin ƙofar shago. Lamba 4 cakulet ne, 30 ruwan ƙasa mai haske da ɗan ja, 33 ya fi shi duhu da ja, 99J shi ne ruwan zoɓo. Wanda kika gani a Instagram ɗin nan ina kyautata zaton 27 ne. Ke dai 33 nake hango miki ko 4, su biyun nan ba sai an yi bilicin ba, duk da dai a baƙin gashi za su fito da duhu fiye da na samfurin.

Zee baƙa: Mu baƙaƙe fa anty ko mu haƙura 😩

Anty Jummai mai salun: Haƙurin me, ai ku kala ta fi fitarwa. Ruwan zoɓo a baƙar fata mai sheƙi abin kallo ne, jan ƙarfe ma haka. Abin da ba na so a kanku shi ne bilicin ɗin da aka tsayar a rabin hanya, ya tsaya ja ba ja ba ɗorawa ba ɗorawa ba kamar gemun masara, shi ne ke sa fuska ta yi duhu ta bushe. In za a yi haske a yi shi sosai a ɗora kala a kai, in ba haka ba a bar shi da duhunsa.

Hadiza Maraɗi: Akwai abin da ba ku faɗa ba. Mu fa kanmu a rufe yake wuni, masu ganin gashin nan maigida ne sai 'yan uwa mata in an cire kallabi a ɗakin amarya, kuma galibi da dare ne. Ruwan zoɓo mai duhu a ɗaki baƙi yake komawa sai an fita rana yake nunawa. To in don a gani ne ake yi a ɗan ƙara haske da mataki guda. Sannan a tuna da gaban goshi da ke leƙowa ta ƙasan ɗauri, shi ne ke kusa da fuska, in ya yi haske da yawa sai ya zama kamar gashin gaban ya zube a hoto.

Fati Bauchi: Kai wannan batu ne Hadiza, ban taɓa kawo shi a raina ba

Maman Hanif: Sai kuma masu shafe-shafe, ba da kowa nake ba 🙈 in fuska ta fi wuya haske da wace za a auna?

Anty Jummai mai salun: Da wuya da ƙirji. Man bilicin in an daina kalar asali dawowa take, rini kuma yana nan sai gashin ya tofo an yanke.

Nas Rukayya: Ku yi haƙuri in katse ku, yanzu na sauko daga aiki na ga hirar. Duk kalar da aka zaɓa dan girman Allah a yi gwaji awa 48 kafin a shafa a kai, a ɗiga kaɗan a bayan kunne ko lanƙwasar gwiwar hannu yadda takardar cikin kwalin ta ce, a bar shi. Yawancin rinin da ke daɗewa, musamman masu duhu, suna da wani sinadari PPD, kuma shi ne dai ake samu a dayis ɗin da ake mana zanen baƙin lalle da shi a hannu. Matsalar ita ce jiki na iya karɓarsa sau da yawa lafiya lau, rana ɗaya kawai ya ƙi. Duk wadda baƙin lalle ya taɓa yi wa ƙaiƙayi ko ƙuraje ko zanen ya tashi ya yi ruwa, to rinin kwali ba nata ba ne har abada sai likitan fata ya duba ta. Na ga wadda aka kawo mana ana jibi ɗaurin aurenta, fatar kai na tsiyayar ruwa, goshi ya kumbura ya sauko ya rufe idanu ba ta ko iya buɗe su, a gida ƙawarta ta shafa mata. A Turai doka ta ƙayyade PPD kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari bayan an haɗa, to wanda ake ƙulla mana a leda ba suna ba takarda wa ya auna shi? In an shafa aka ji leɓe ko harshe na kumbura ko numfashi na sarƙewa a wanke a tafi asibiti a lokacin, kar a tsaya shafa man kaɗanya.

Ummi Zariya: Subhanallahi. Ni lallen bikina bai min komai ba amma zan gwada ɗin in sha Allah

Hajiya Babba: Ni tambayata ta furfura ce 'ya'yana, ta cika min gaba, ni kuma fara ce. Baƙi nake ta sawa amma yarana sun ce yana ƙara min shekaru.

Anty Jummai mai salun: Sun yi gaskiya Hajiya, baƙi wuluk a farar fuska da ta manyanta yana fito da duk wani layi da duhun ƙasan ido. Ki sauko zuwa lamba 2, wato ruwan ƙasa mai duhu sosai, ko 4, fuskar za ta yi laushi, kuma in sabon gashi ya tofo layin farin ba zai yi tsini sosai ba. Gashi na tofo wajen santimita 1 a wata, saboda haka bayan sati 4 zuwa 6 tushen kawai za a taɓa ba duka kan ba.

Malama Asiya: Ƙari a kan haka Hajiya, a Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar, an kawo shi ranar buɗe Makka kansa da gemunsa fari fat, Manzon Allah SAW ya ce a canza masa amma a nisanci baƙi. A Risala ma an ce rini da baƙi makaruhi ne ba tare da haramci ba, kuma babu laifi a yi da lalle da katam, wani ganye da ake rina gashi da shi. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka, don haka barin baƙin ya fi kwanciyar hankali. Rini kuwa in kala ce kawai ba wani abu ya daskare a kan gashin ba, baya hana alwala ko wanka.

Hajiya Babba: Allah ya saka da alheri Malama. To lallen ne nake gudu, na ga yadda yake mayar da gemun dattawa ruwan goro

Yagana: Hajiya lalle shi kaɗai ne ke yin haka a farin gashi. A baƙin gashi ma ba ya haska komai, ɗan ja ne kawai za a gani in an shiga rana. Sirrin shi ne garin ganyen baba, irin shukar da ake rini da ita a Ƙofar Mata, amma fa garin ganyen zalla ba shuɗin marina na kanti ba. In kina son ruwan ƙasa ki jiƙa lallenki da ruwan shayi ya kwana ko ya yi wasu awanni, sai ki kwaɓa baba daban da ruwan ɗumi ki haɗa su a take ki shafa, don baba baya jira, in ya jima a kwaɓe ya mutu. Rabi da rabi na ba da ruwan ƙasa, in baba ya fi yawa ya ƙara duhu. Ki zagaye goshi da kunnuwa da basilin, ki sa safar hannu, ki ɗaure da leda sannan tsohon ɗankwalin da ba kya so.

Anty Jummai mai salun: Amma duk wadda ta yi lalle da baba ta faɗa wa mai gyaranta gaskiya in ta zo rini daga baya, bilicin a kan baba kore yake fitarwa

Zee baƙa: Kore kuma 😂😂 a bikin dangin miji

Ummi Zariya: Anty Jummai in na sa 33 ɗin zai kai wata bai koɗe ba?

Anty Jummai mai salun: Duk kala mai ja ita ta fi saurin koɗewa, ki yi shi saura kamar kwana goma biki, ki rage yawan wanki, ruwan kuma kar ya yi zafi. Wankin farko da na biyu zai zuba don haka kar ki kwanta da danshi a farar rigar filo.

Hajiya Babba: Yagana awa nawa zan bar shi a kan nawa, kuma ina ake samun baba mai kyau?

Yagana: Awa biyu zuwa uku ya isa Hajiya, ki wanke da ruwa zalla ki bar shamfu sai bayan kwana biyu don kalar na ƙara nuna. Ki tambaya wajen masu kayan lalle a Kurmi ko shagunan magungunan Musulunci, ki buɗe ki duba, garin kore ne yana ƙamshin ɗanyen ganye, in kika ga baƙi ne ko an ce miki minti goma yake kamawa to dayis aka zuba a ciki ki ajiye musu kayansu.