Me ya sa jadawalina ya tsaya a ginshiƙin IV bayan na adana shi?

Mai Rajista ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina riƙe da rajistar kaya 120 a Excel, inda kowane kaya ke da layinsa na kwance, kowace rana ta shekara kuma ke da ginshiƙinta na tsaye. Ginshiƙai uku na farko na lamba ne da suna da ma'auni, sai ranaku 365 su biyo baya, wato 368 ke nan gaba ɗaya. Wanda zan miƙa wa aikin ya ce manhajarsa ba ta karɓar komai sai fayil ɗin XLS, don haka na sake adanawa a wannan tsarin. Wani gargaɗi ya fito, na danna ci gaba ba tare da na karanta ba. Da na sake buɗewa, sai na tarar lissafin ya ƙare a ranar 10 ga Satumba, a ginshiƙin IV, wasu jimloli kuma sun koma #REF!. Shin kwamfutar ce ta gaza, ko manhajar tawa ce ta tsufa?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba kwamfutarka ba ce, ba kuma manhajarka ba. Iyakar tana cikin tsarin fayil ɗin da ka zaɓa. XLS shi ne tsarin da Excel ya yi amfani da shi har zuwa fitowar 2003, kuma ba ya ɗaukar fiye da ginshiƙai 256, ko da wace sabuwar manhaja ce ta rubuta shi. Da haruffa ake sa wa ginshiƙai suna: idan ka ƙirga daga A zuwa Z, sannan AA, AB, har ka kai na 256, a kan IV za ka tsaya. Cire ginshiƙanka uku na farko, saura 253, kuma rana ta 253 a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28 ita ce 10 ga Satumba. Jimlolin da suka lalace kuwa, su ne waɗanda ke nuni ga guraben da babu su a tsohon tsarin.

Wannan adadi ba haka kawai aka tsince shi ba. Kwamfuta da bibbiyu take ƙirga, kuma 256 shi ne 2 da aka ninka da kansa sau 8, kamar yadda 65,536, iyakar layukan kwance na XLS tun daga Excel 97, yake 2 da aka ninka sau 16. Kafin nan ma layukan 16,384 ne kawai. Da Excel 2007 ya zo da tsarin XLSX, sai ginshiƙai suka koma 16,384, na ƙarshensu XFD, layuka kuma suka kai 1,048,576, kuma a nan suke har yau.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane da yawa. Idan ka buɗe fayil ɗin XLS a sabon Excel, manhajar takan rage kanta ta yi daidai da tsohon tsarin, ta nuna maka ginshiƙai 256 kawai. Ko ka adana shi a matsayin XLSX, faɗin ba zai dawo ba sai ka rufe ka sake buɗewa. Amma abin da aka yanke lokacin adanawa ya tafi ke nan, don haka ina fata ainihin fayil ɗinka na XLSX yana nan.

Malama Mai Calc ta ƙara da cewa:

Bayanin Malam daidai ne, sai dai kada a ɗauka cewa fayil ne kullum ke da laifi, domin wani lokaci manhajar ce ke da ƙunci. LibreOffice Calc, wata manhajar jadawali irin Excel, ya daɗe yana tsayawa a ginshiƙai 1,024, wato AMJ, adadin da ya gada daga OpenOffice, manhajar da ya samo asali daga gare ta, kuma sai a fitowa ta 7.4, a shekarar 2022, ya koma 16,384 ga kowa da kowa. Wanda ke da fitowar da ta girmi wannan, idan aka aiko masa da XLSX mai ginshiƙai 2,000, zai ga gargaɗi cewa ba a loda komai ba, kuma idan ya adana a kan wannan fayil ɗin ya mayar, abin da bai gani ba ya salwanta. Google Sheets kuma lissafinsa daban ne: yana kaiwa ginshiƙai 18,278, wato ZZZ, amma yana ƙayyade yawan gurabe gaba ɗaya zuwa miliyan 10, ta yadda faɗi ke cin rabon tsawo. Tsarin fayil na CSV ba shi da wata iyaka tasa, tunda rubutu ne zalla da waƙafi ke rarrabawa, sai dai manhajar da ta buɗe shi za ta yanke shi a inda ƙarfinta ya tsaya. Ni dai kafin na aika wa kowa jadawali mai faɗi, nakan tambaye shi da wace manhaja zai buɗe, kuma fitowar wace shekara ce.

Mai Rajista ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Alhamdulillahi, ainihin fayil ɗin yana nan. To, tunda mutumin bai sauya ra'ayi game da XLS ba, in raba shekarar gida biyu ne, wata shida-shida a shafuka daban?

Tsohon Akawu ya amsa:

Rabawar za ta yi aiki, amma ban ba ka shawararta ba, domin duk jimlar da za ka haɗa sai ta tsallaka shafi biyu, kuma a nan kuskure ke shigowa. A ganina, jadawalin da ke ƙara ginshiƙi kowace safiya tun asali ba a zana shi daidai ba. Mayar da shi ginshiƙai biyar: lamba, suna, ma'auni, kwanan wata da adadi, kowane kaya a kowace rana ya sami layinsa. Kaya 120 sau 365 ya ba ka layuka 43,800, waɗanda za su shiga XLS har da saura, kuma tacewa ko haɗa jimlar wata guda zai fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai dai ka sa ido a kan tsawon shi ma. Idan kayanka suka kai 180, layukan za su zama 65,700, ka ga ka haye iyaka ke nan. Irin wannan ne ya faru a Ingila a watan Oktoba na 2020, lokacin da hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ta bar sakamakon gwajin korona kusan 16,000 a waje da ƙidaya, saboda bayanan sun fi ƙarfin layukan tsohon tsarin XLS. Bayan ka adana, rufe fayil ɗin ka sake buɗewa, ka danna maɓallan Ctrl da End tare, waɗanda za su kai ka gurbi na ƙarshe, ka tabbatar gurbin da ya kai ka yana kan layin 31 ga Disamba kafin ka aika.