Jakar ruwa a lakar wuya: me kuke gani a ɗakin tiyata?

Likitan tiyatar laka: Assalamu alaikum. Wadda ta fi ba mu wuya ita ce irin da ake haihuwar mutum da ita, mai suna niyurenterik. Tun a mako na 3 na ciki wani ɓangare na abin da zai zama hanji yake maƙalewa kusa da laka. Yawanci a gaban laka take zama, cike da majina mai kauri. Mara lafiya yakan zo da ciwon wuya, hannu ya yi sanyi, maɓallin riga ya gagare shi, tafiya kamar ƙafa ba tasa ba. Idan ta bayan wuya aka shiga tiyatar, a fara zuƙe ruwan da allura har jakar ta motse, sannan a ɓare bangonta a hankali. Inda bangon ya manne wa laka, gara a bar ɗan guntu da a gurgunta mutum, amma sai an ci gaba da ɗaukar hoton MRI shekaru, don tana dawowa.

Likitar hoto: Gaskiya ne, Dokta. Ku haɗa da hoton CT mai nuna ƙashi, domin sau da yawa ƙasusuwan wuyan ma a haɗe suke ko a tsage. Kuma a nan kada a yi gaggawar kiran komai jakar ruwa kafin a cire tarin fuka na ƙashin baya daga lissafi. Ga mai kiwo da karnuka kusa da tumaki, a tuna da jakar tsutsar haidatid. Wannan ba a yarda ta fashe, kuma ana haɗa tiyatar da maganin tsutsa albendazol.

Likitan ƙashi: Wadda ke fitowa daga gaɓa ta fi kama dattijai, musamman a C7 da T1, wato inda ƙashin wuya na ƙarshe ya haɗu da ƙashin baya na farko. Idan a bayan C1 da C2, ƙasusuwan wuya biyu na sama, take saboda gaɓar na rawa, ɗaure ta da ƙusoshi kaɗai kan sa jakar ta shanye.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya saka, likitoci. Bayan aiki ku duba bandeji. Ruwa fari kamar hawaye, ga ciwon kai da ke tsananta idan ya tashi zaune, ruwan laka ne ke yoyo. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, majinar ce ta zuba ko ƙwayar cuta ta shiga, a kira likita nan take. Wanda aka yi wa ta gaban wuya, a saurari muryarsa, a gwada haɗiya da cokalin ruwa kafin a ba shi kunu.